Dalmar Tamba a Ɗakin Girki

Ranar da Tamba ya shigo gida da buhu ɗaure a bayan babur, fuskarsa sheƙi take yi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya sauke buhun a tsakar gida, ya koma ya leƙa waje ko akwai mai bin sa, sannan ya tura ƙyaure. Matarsa Nazifa tana zaune tana tsintar shinkafa. Ta dubi buhun, ta ga guntayen tsofaffin bututun famfo sun leƙo, ta dubi mijin nata.

"Maigida, bola jari kak koma?"

"Bola? Ke dai ba ki san arziki ba ko kin gane shi. Darma ta wagga, zalla. Riskuwa mai gyaran famfo yat tono min ita Birnin Kabi, wani tsohon gida da anka rushe."

Tamba masunci ne ɗan masunci, kuma duk Argungu babu mai ce masa mugu. Abin da yake da shi kawai, in dabara ta shiga kansa ba ya ji ba ya gani sai ya kai ƙarshenta. Wannan karon a waya ya tsinto ta. Ya ga wani mutum a wata ƙasa yana narka dalma, yana zuba ta a kan ƙugiya ta fito da surar ɗan kifi, ya ɗaura mata gashin tsuntsu, ya jefa ruwa yana ɗan fizga, sai ga babban kifi ya hadiye ba tare da an sa masa ko tana ba. Tamba ya rarake katako biyu ya yi mazubi, ya zuba kifin dalma ɗaya ya gwada a ɓoye, kuma Allah da ikonsa giwan ruwa ta kama. Tun daga nan ya fara tafiya kamar mai masana'anta.

Damuwarsa ɗaya ce, idon masunta. In ya yi aikin a zaure, kafin la'asar rabin unguwa sun koya. In ya yi a bakin gulbi, har mutanen Yauri sai sun ji labari. Ya yi ta tunani har ya gano wurin da babu namijin da zai taka a duk garin, komai rashin kunyarsa: ɗakin girkin matar aure, can ƙuryar gida.

"Nan na ka aikina," ya ce, yana auna gefen murhu da taku. "Wa za shi shigo har nan? Ko Sarkin Ruwa sai shi tsaya zaure."

"To ni ina za ni yin girki?"

"Nan dai. Wuri ya ishe mu. Ke da tukunyarki, ni da tawa."

Tawa ɗin ma tata ce, ƙaramar tukunyar da take dama wa 'yarsu koko. Ya ɗauki ludayin ƙarfe ɗaya, ya ɗauki mafici, har jan farcenta na aure bai tsira ba, don da shi yake ɗiga wa kifayen dalmar idanu. Nazifa ta yi dariya a ranar, don abin akwai ban dariya, ƙaton namiji mai gemu ya tsuke baki yana yi wa ƙugiya kwalliya.

'Yar tasu Mubina shekararta biyu da rabi, kuma maƙwabta Gidan Rediyo suke kiranta. Ba ta gama iya tafiya ba, ta gama iya magana. Ita ke faɗa wa mai tallan nono abin da aka ci a gidan jiya, ita ke kwaikwayon tarin kakarta har kakar ta bi ta da muciya. Tamba yakan nuna ta da ludayi ya ce duk garin nan ita kaɗai yake tsoro, ita ce za ta tona masa asiri.

Aiki ya kankama. Ana idar da walaha Tamba zai sassara bututun da gatari, ya zuba a tukunya bisa gawayi, Nazifa na fifita da hannu ɗaya tana juya miya da ɗayan. Ƙofa a rufe take, kada a ga hayaƙi a yi tambaya. In dalmar ta narke, datti yakan taso sama, sai ya kwashe da cokali ya watsa cikin tokar murhu, tokar da Nazifa ke dirje tukwane da ita. In kifayen sun huce sai a bi su da magagari a goge kaifin gefe, wannan kuma aikin Nazifa ne, a kan tabarma, ƙurar na zuba a zaninta kamar garin kwalli.

Doka guda ya kafa mai tsanani: ruwa ba ya kusantar wurin. Ɗigo ɗaya in ya faɗa narkakkiyar dalma tsalle take yi, ya nuna mata tabon da ta yi masa a dantse. Don haka aka daina yayyafa ruwa kafin shara. Nazifa ta koma share ɗakin girki a bushe, ƙura ta tashi ta sauka a kan faifai da ludayi da duk abin da ba a rufe ba.

Ba za a ce ba su kula da yarinyar ba. Sun kula, matuƙa. Duk gidan ƙugiya ake tsoro. An sa ƙugiyoyi a gwangwani an rataye can sama, in ɗaya ta faɗi sai an tashi kowa an neme ta. Amma in zubi ya lalace, kifin ya fito babu ƙugiya, sai Tamba ya miƙa wa Mubina ta yi wasa da shi, tunda ba ya suka. Sabuwar dalma kuwa ƙyalli take yi kamar azurfa. Inna Maimuna, mahaifiyar Tamba da ke sashen gaba, ta ga ɗaya ya yi mata kyau, ta huda shi ta zura zare ta rataya wa jikarta a wuya. Daga wuya zuwa baki kuwa babu nisa ga ɗan shekara biyu.

Abinci ta fara ƙi. Yarinyar da ke sa hannu a kwanon kowa ta koma kau da kai in an kawo mata loma. Sai kashi ya ɗaure mata, kwana uku huɗu tana nishi tana riƙe ciki. Sai rigima, kuka ba dalili, ta kwanta a ƙasa tana birgima.

"Haƙori na," in ji Inna. "Na turmi ka hitowa. Ubanta ma haka yay yi."

Aka jiƙa saiwa aka ba ta. Haƙori bai fito ba. Da tafin hannunta ya yi fari, Inna ta ce shawara ce, aka sauya saiwa. Nazifa ita ma ciwon kai ya zame mata abokin yini, bakinta kullum kamar ta tsotsi ƙusa, amma nata bai dame ta ba. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne shiru. Mai nono ta yi sallama, babu mai ba ta labari. Inna ta yi tari, babu mai kwaikwayo. Kalmomin Mubina suka riƙa zubewa ɗaya ɗaya, yau ta manta sunan akuya, gobe ta nuna kofi da yatsa tana kallon uwarta.

Tamba ya lura, amma ta nasa ɓangaren. "Kin gani? Ta yi hankali. Ta gane gidan sana'a ba a yawan magana."

Nazifa ba ta yi dariya ba. Ta je sashen Inna ta durƙusa ta ce tana so a kai yarinyar asibiti. Inna ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ɗiyar hwari kika yi ma wagga rawar jiki? Mu zamaninmu ko kallon ɗan hwari ba mu yi gaban surukai. Ku 'yan yanzu kunya ta ƙare. Ni na san abin da ad damunta, baki na. Yarinya ta cika wayo, kowa Rediyo, kowa Rediyo, ba mai cewa tubarkalla. Ki daina barin ta hita. Ki aje ta kusa gare ki."

Kusa da Nazifa kuwa shi ne ɗakin girki. Haka aka tsare Mubina daga bakin mutane, aka zaunar da ita a kan ɗan buhu a gefen murhu, ƙofa a rufe, tana tsotsar kifin wuyanta tana kallon ubanta yana aiki.

Kaza ce ta fara buɗe wa Nazifa ido. Wata wake-wake da ta saba tonon tokar da ake zubarwa bayan ɗaki, ranar nan sai ga ta tana zagaye wuri ɗaya, wuya a karkace, har ta kife. Bayan kwana biyu wata ta bi ta. A ranar Mubina ta taso za ta zo wurin uwarta, ta yi tangaɗi ta faɗi a fili, babu abin da ta yi tuntuɓe da shi.

Nazifa ta jira har Tamba ya ci ya sha, sannan ta ce, "Maigida, ni darmagga nika zargi."

"Darma? Mi tay yi miki?"

"Kajin da ka cin tokarta sun mutu. Yarinyagga kuma ga ta nan kana gani."

"Kaji ai lokacin ciwonsu na, ki tambayi kowa. Darma kau, babana da haƙori shika danne ta ga birgi, ragar kamun kihi, shekara da shekaru, kuma sai da yak kai saba'in. Kwallin da kuka sawa ga ido, ba danginta na ba? Kada ki ja min asarar sana'a da zancen mata."

Gaskiya ne tsohon ya kai saba'in. Abin da ba a faɗa shi ne ya kai ta da ciwon ciki da rawar hannu da faɗan da ya kori duk abokansa, amma wannan a gidan hali ake kiransa. Nazifa ta roƙa ko ƙofa a riƙa buɗewa. Tamba ya ce zai duba. Washegari ya buɗe ta da faɗin tafin hannu, da ya ji sallama a zaure ya mayar ya rufe.

Wata ranar Talata da hantsi, Tamba yana gulbi, Mubina ta sandare. Idanu suka juye, hannu da ƙafa suka shiga fizga, kumfa na fita ta gefen baki. Inna ta rugo tana salati tana kiran a kawo garwashi da turare, wai iska ce ta taɓa ta. Nazifa ba ta tsaya neman izinin kowa ba, kunyar 'yar fari ma ba ta tuna da ita ba. Ta saɓa 'yarta, ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba. A hanya ta kira yayarta Fiddausi da ke aure a Gwadangaji, Fiddausi ta ce ta shiga mota kawai, za ta tarbe ta a tasha.

A asibiti a Birnin Kebbi, bayan an tsayar da fizgar, likitar ta zauna da su. Mace ce mai sanyin murya. Ta tambaya ko ana haƙar zinari a garinsu, ko ana fasa batur a gidan, Nazifa ta ce a'a. Likita na duba ƙirjin yarinyar sai hannunta ya taɓa abin wuyan. Ta ɗaga shi ta juya. Duk jikin kifin sawun ƙananan haƙora ne, wutsiyar ma ta cinye.

"Wannan fa?"

Wata huɗu ana ja wa Nazifa kunne kada ta faɗa wa kowa, har abin ya zauna mata a harshe. Fiddausi ta zungure ta. "Ke, hwaɗi! Sirrin banza da wofi, ɗiyarki na kwance?"

Ta faɗi komai, tukunyar koko, toka, shara a bushe, ƙofa a rufe. Likita ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ta tsinke zaren da almakashi, ta sa aka ɗebi jinin 'yar da na uwar. Da sakamako ya dawo ta yi musu bayani dalla-dalla: dalma ta taru a jikin yarinyar, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da zai rage ta. Abin da ta riga ta ɓata kuwa, wani zai dawo, wani sai yadda Allah ya yi. Kuma kada a mayar da ita gidan nan sai an daina aikin, an kankare ƙasar ɗakin an zubar nesa.

Tamba ya zo da ledar lemo da soyayyen kifi. Ya ji bayanin da kunnensa, ya sunkuyar da kai, har ya share ido da hularsa. Nazifa ta ji tausayinsa, don ta san yana son 'yarsa. Amma da suka fito baranda ya gyara murya.

"Na ji, kuma na yarda. Sai dai kin san ruwa ya hwara ja baya, yanzu na lokacin giwan ruwa. Bari in ƙarasa buhunga ɗaya. In kun dawo sai a riƙa ruhe ta ɗaki lokacin da nika aiki."

A nan Nazifa ta gane ba likita ce za ta fitar da dalma daga gidanta ba.

Ranar da aka sallame su, ta roƙi Fiddausi ta raka ta Argungu ta ɗebo kayan sawa. Sun isa bayan la'asar. A ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, masunta na zaune suna ɗinkin birgi kamar kullum. Nazifa ta miƙa wa yayarta yarinyar, ta ce ta tsaya nan waje, ta shiga ita kaɗai.

Ƙofar ɗakin girki a rufe take, hayaƙi na silalowa ta ƙasa. Ta tura. Tamba na tsugunne yana jera ƙugiyoyi, Inna kuma an ba ta gadon mafici, tana fifita tana tari. Nazifa ta gaishe su yadda ya kamata. Sannan ta ɗauki katakon mazubin nan biyu, ta ɗora kan farantin da aka jera kifayen da aka gama, ta juya.

"Ke! Ina za ki da su? Nazifa! Maza na waje!"

Ai mazan take nema. Ta ratsa zaure, ta fito, ta durƙusa gaban Malam Atiku, wanda ya fi kowa shekaru a majalisar, ta ajiye farantin a kan tabarma.

"Baba, ga abin da aka yi ɗakin girkina. Ku duba da kyau, kowa shi koya. In kowa ya iya, ba sauran abin ɓoyo."

Tamba ya fito a guje ya tsaya turus a bakin zaure. Malam Atiku ya ɗauki kifi ɗaya ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya duba jan farcen. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da irinsa, har ya fi na Tamba sumul.

"Tamba, wanga na sirrin? Ai tun bara Abdussamadu maƙeri ka zuba muna su can bayan gari, ga hili, iska na kaɗawa. Wayar da kag gani, mu ba mu da irinta? Warin darmarka kau kullum muna jin shi ta katanga. Mun yi kurum na, don kada mu ba ka kunya."

Majalisa ta fashe da dariya, wani har da buga cinya. Wani ya ce a tambayi Tamba wane shago yake sayen jan farce. Dariyar ba ta yi nisa ba. Malam Atiku ya hango Fiddausi a gefe da yarinya a kafaɗa, ya washe baki ya tafa mata hannu yadda ya saba.

"A'a, amaryata ta dawo! Zo ki ba ni labarin birni."

Mubina ta juyo ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, kai a langaɓe, miyau na bin haɓarta. Tsohon ya sauke hannuwansa a hankali. Babu wanda ya iya kallon Tamba.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a labarin. Babu wanda ya daki yarinyar nan, babu wanda ya hana ta abinci. Uba mai sonta ne ya miƙa mata guba don ba ta da kaifi, kaka mai sonta ce ta rataya mata, maƙwabta masu kara suka ji wari suka yi shiru don kada namiji ya ji kunya. Mutum ɗaya da ta ga gaskiya aka ce mata zancen mata take yi. Irin waɗannan gidaje suna da yawa, inda ake kai aikin da ya fi ƙarfin zaure a ajiye shi a kan mace da 'ya'yanta, don kawai can ne ba mai shiga ya gani.

An kankare ɗakin girkin, masuntan da kansu suka taya kwasar ƙasar. Nazifa dai tana Gwadangaji wurin yayarta, saboda kusa da asibiti, ita ma tana shan nata maganin. Mubina ta fara cin abinci, tana tafiya in an riƙe mata hannu. Tamba na zuwa duk Juma'a, ya rame, ya rage surutu.

Juma'ar da ta wuce ya tsugunna gabanta yana tafa mata hannu, yana kiran sunanta. Ta dube shi, ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Ba."

Ya zabura ya juyo, ido cike da ƙwalla. "Kin ji? Kin ji ko? Baba taka son cewa! Ta gane ni!"

Nazifa tana ninke kayan yarinyar. Ta so ta bar shi da murnarsa. Sannan ta ce a hankali, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Haka taka ce ma buta ma, Maigida."

Tamba bai tashi daga tsugunnon ba.